Camille Claudel, Gwanar Sassaƙa Da Aka Manta Da Ita

An haifi marigayiya Camille Claudel a ƙasar Faransa cikin 1864. Tun tana yarinya take gina siffofin mutane da yumɓu. Wajen 1884 ta kama aiki a wurin shahararren masassaƙin nan Auguste Rodin a birnin Faris, inda ta gwanance ƙwarai. Amma kome ta sassaƙa, sai jama'a su danganta shi ga malaminta.

Bayan rabuwarsu talauci da ciwon taɓin hankali suka same ta, har ta farfasa waɗansu ayyukanta da hannunta. Cikin 1913 danginta suka sa aka tsare ta a asibiti, ta shekara 30 ba ta sake taɓa yumɓu ba. Ta rasu cikin 1943, ba a ko san takamaiman kabarinta ba yau.

Cikin 1984 gidan ajiye ayyukan Rodin ya shirya babban nunin ayyukanta, jama'a suka shaida cewa gwanintar tata ce ta kanta. Cikin 2017 kuma aka buɗe gidan nuni mai sunanta a garin Nogent-sur-Seine.