Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo, Mai Gwandu

Duk wanda ya taɓa karatun tarihin jihadin ƙarni na 19 a ƙasar Hausa ya san sunayen shugabanninsa uku, watau Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙanensa Malam Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello. Shehu ne ya yi kira, Bello ne ya gina daula, Abdullahi kuwa an fi tunawa da shi wajen zurfin ilmi da yawan wallafa. Amma akwai wani al'amari cikin rayuwarsa wanda ba a cika tsayawa a kansa ba. Mutumin nan da ya ja runduna a Tabkin Kwatto, ya kuma ci Birnin Kabi, shi ne ana tsakiyar yaƙi ya bar jama'a ya nufi gabas, domin ya ga abin da aka tashi kawarwa ya fara tsiro a cikin gida.

Asalinsa da Neman Ilminsa

An haifi Abdullahi wajen shekarar 1766, watau Shehu ya girme shi da kamar shekara 12. Shi Bafillace ne daga Toronkawa, gidansu kuwa gidan malanta ne tun kaka da kakanni. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsu, Muhammadu Fodiyo, sa'an nan da ya kai shekara 13 aka miƙa shi ga wansa. A wurin Shehu ya soma littattafan fiƙihu da tauhidi da Larabci, daga baya ya yi karatu a hannun kawunnansa da wasu malamai, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ma Shehu ya ɗauki ilmi a wurinsa. Ya bar lissafin malamansa da littattafan da ya karanta gun kowannensu cikin wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, wanda har yau masu bincike ke dogara da shi in suna son sanin tsarin karatun wancan zamani.

Tun yana saurayi yake bin Shehu yawon wa'azi cikin Kabi da Zamfara, kuma shi ne alƙalamin jama'a. Sa'ad da wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya soki Shehu a waƙe saboda yana barin mata su halarci wa'azinsa, Abdullahi aka sa ya mayar da jawabi. Hujjarsa ita ce barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni bisa ga zamansu a gefen majalisi, kuma in ɓarna biyu suka haɗu ƙaramar ake ɗauka. Yana tare da Shehu a Magami wajen 1788, ran da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai da Babbar Salla ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi a bar shi ya yi kira, a saki 'yan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Wanda ya ga wannan da idonsa yana ɗan shekara 22, ba abin mamaki ba ne in ya riƙe shi ma'auni har ƙarshen ransa.

Shekarun Yaƙi

Bayan Bawa al'amura suka ɓaci tsakanin jama'a da fadar Alƙalawa. Sarki Nafata ya hana ɗaura rawani da lulluɓi, ya kuma hana kowa wa'azi sai Shehu kaɗai. A zamanin ɗansa Yunfa aka auka wa Gimbana, garin mutanen Malam Abdussalami. Cikin watan Fabrairu na 1804 jama'a ta yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne kuma ya fara miƙa hannu. A watan Yuni na wannan shekara ya shugabanci rundunar da ta kori Yunfa a Tabkin Kwatto, alhali Gobirawa sun fi su dawaki da kayan yaƙi nesa ba kusa ba. A 1805 ya ci Birnin Kabi.

Sai dai nasarar ta zo da tsada. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, Gobirawa da Abzinawa suka kashe mutanen jama'a masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani da manyan almajiran Shehu. A Alwasa, ƙarshen 1805, aka sake yin wata babbar hasara. Waɗanda suka mutu a wuraren nan su ne mutanen Ɗegel, waɗanda suka shekara da shekaru suna zaune gaban Shehu, suka san dalilin da ya sa aka zare takobi. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa da yawansu ganima ce ta kawo su, ko tsohuwar gaba da sarakuna, ko kuwa ganin inda iska ta juya. Runduna ta ƙaru, amma masu sanin manufa suka ragu. Abdullahi ya yi wa abokansa da suka rasu marsiyyoyi, mai karanta su kuwa zai ji baƙin cikin mutum wanda ya fara zama baƙo a cikin jama'arsa.

Tafiya Zuwa Kano

Wajen 1807, an fita yaƙi za a Alƙalawa, sai Abdullahi ya ware daga runduna da mutum 5 kaɗai, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Shi da kansa ya ba da labarin cikin Tazyinul Waraƙati, littafin da ya tara waƙoƙinsa da tarihinsu a 1813. Sun kwana 3 cikin dokar daji ba su ga ɗan Adam ba sai sawun giwaye. A wannan tafiya ya yi waƙar da ya zayyana abin da ya kore shi. Ya ce an sami mutane da ba su da buri sai mallakar garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa, masu sukuwa a cikin gari maimakon fagen fama. Ya ambaci cin rashawa, da alƙalai masu karkata hukunci, da wofintar da masallatai da makarantu, da sayar da 'ya'ya a kasuwa da sunan bayi. Wannan na ƙarshe shi ne mafi ciwo, gama yana cikin manyan laifuffukan da jama'a ta tuhumi sarakunan Haɓe da su. Bai keɓe kansa ba kuma, ya nuna yana tsoron kada abin ya shafe shi.

A nan ne mas'alar take, kuma ba ƙarama ba ce. Mutum ya ba da ƙuruciyarsa ga wani kira, an zubar da jini a kansa, shi da hannunsa ya ja mutane zuwa inda suka mutu, sa'an nan ya duba ya ga adalcin da aka yi alkawari bai zo tare da nasara ba. In ya zauna, sunansa da ilminsa za su zama rigar da azzalumai za su sa. In ya tafi, ya bar talakawa a hannun waɗanda yake kuka da su, ya kuma bar wansa cikin yaƙin da ba a gama ba. Abdullahi ya zaɓi tafiya. Akwai masu ganin wannan rauni ne, wai jarumi ba ya barin fage. Wannan hukunci ya yi tsanani, domin mutumin da ya tsaya a Kwatto ba za a kira shi matsoraci ba. Abin da za a iya faɗi shi ne ya sa tsiran ransa a gaba, irin yadda sufaye ke yi, kuma littattafansa na zuhudu sun nuna wannan hali tare yake da shi tun da daɗewa.

Amma bai wuce Kano ba. A lokacin jama'a ta riga ta karɓi birnin, Malam Sulaimanu ne bisa sarauta. Mutanen Kano suka tare shi, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Da ya duba halinsu sai ya ga abin da ya baro a yamma ya riga shi isowa, ya kuwa gaya musu haka. Duk da haka suka nace, ya amsa. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya sa aka farfasa kayan kiɗa, har aka mai da kwarin tambura abin zuba wa dawaki abinci. Ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami.

Wannan littafi shi ne amsar da ya ba kansa. Ya yi magana a cikinsa kan hijira, da naɗin shugaba, da wakilansa, da jihadi, da siyasar shari'a. Ya bayyana aikin waziri da na alƙali da na muhtasibi mai lura da kasuwa da mudu, ya faɗi inda dukiyar baitulmali ke fitowa da inda ya halatta a kashe ta. Ya ɗebo da yawa daga nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, watau ya tuna wa Kanawa abin da aka gaya wa kakanninsu shekara 300 da suka wuce. Ginshiƙin maganarsa shi ne shugabanci amana ne da ake ɗora wa wanda ya cancanta bisa shawarar ma'abota ilmi, kuma in aka mai da shi abin gado ko abin ƙwace da ƙarfi, to, ya tashi daga halifanci ya koma sarauta. Da ya gama, sai ya juya ya koma wurin Shehu. Hajjin da ya yi niyya bai samu yinsa ba har ya rasu.

Saɓani da Ɗan'uwa

An ci Alƙalawa a 1808, aka kashe Yunfa. A 1812 Shehu ya raba aikin ƙasa, gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga kusa da Sifawa inda Shehu yake. Komowarsa ba ta sa ya yi shiru ba. Cikin shekarun nan aka yi muhawara a rubuce tsakaninsa da wansa kan kaɗa tambura, da sa tufafin alfarma, da kiran shugaba da laƙabin sarauta. Abdullahi ya tsananta, Shehu kuwa, musamman cikin Najmul Ikhwani, ya sassauta, yana ganin abin da malamai suka yi saɓani a kai bai kamata a ƙuntata wa jama'a saboda shi ba. Shehu na duban abin da mutane za su iya ɗauka, Abdullahi na duban inda ƙaramin rangwame ke kai masu mulki.

Sai dai kuskure ne a ɗauka tsanani ne halinsa a kowane babi. A kan Musulmin da ya taimaki abokan gaba a yaƙi, Shehu da Bello sun tafi a kan cewa ya fita daga addini. Abdullahi kuwa cikin Liya'us Sulɗani ya ce wannan saɓo ne babba, amma ba ya zama kafirci sai in an yi shi don son kafircin kansa. Wannan ba gardamar zaure ba ce kurum, domin a kanta ne ake sanin wanda ya halatta a kama shi bawa da wanda bai halatta ba. In an lura za a ga tsananinsa ya fi sauka a kan masu iko, sassaucinsa kuma a kan wanda takobi ke bisa wuyansa.

Rasuwar Shehu da Kalambaina

Shehu ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu na 1817. Kafin Abdullahi ya iso daga Boɗinga an riga an yi wa Bello mubaya'a, kuma ruwaya ta nuna ya tarar da ƙofar gari a rufe. Ya juya ya tafi Gwandu. Ba shakka abin ya sosa masa rai. Shi ne babba, shi ne wazirin Shehu, kuma ɗa ya gaji uba, abin da ya yi gargaɗi a kai tun a Kano. Ya rubuta Sabilus Salama kan sharuɗɗan imamanci, Bello ma ya rubuta nasa. Gaskiya ita ce Bello ya cancanta ta fuskar ilmi da iya mulki, manyan mayaƙa kuma suna bayansa, saboda haka ba a iya cewa gado kaɗai ya ba shi. Abin lura shi ne Abdullahi yana da mabiya da rabin ƙasa a hannunsa, amma bai ɗaga tuta ba.

Suka zauna ba sa ga maciji har wajen 1820, lokacin da sauran mutanen Abdussalami, waɗanda suka yi tawaye bayan rasuwar Shehu, suka kafu a Kalambaina kusa da Gwandu, suka gagari Abdullahi. Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa, aka ci garin. Ana ba da labari cewa da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, shi ya sunkuya ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi. Da wannan aka ɗinke ɓarakar, daula ta zauna da kujeru biyu, Sakkwato da Gwandu.

Ƙarshen Rayuwarsa

Daga nan ya saki yawancin aikin mulki ga ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da rubutu. Tun wajen 1816 ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, wanda aka buga a Alƙahira cikin juzu'i 4 a 1961. Da ya ga ya yi wa almajirai nauyi sai ya taƙaita shi cikin Kifayatu Lu'afa'is Sudan. A nahawu ya bar Bahrul Muhiɗi, a sarfu kuma Hisnur Rasini, dukansu a waƙe. Ya yi waƙoƙi da Fillanci, ana kuma jingina masa wasu na Hausa, kamar Waƙar Sira, wadda ta ba da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Ya rasu a Gwandu cikin 1829 yana da shekara 63, a can kuma kabarinsa yake, Allah ya jiƙansa. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma wani ɗan nasa, Halilu, wanda shi ma ya yi suna wajen ilmi da gudun duniya. Sarautar Gwandu ta ci gaba a cikin zuriyarsa, har bayan da aka mai da mazauninta Birnin Kabi a zamanin Turawa.