Ɗan Hausa: Baturen da Gidansa Ya Zama Gidan Tarihi a Kano

Jama'ar Sabo da Agege, in Allah ya kai ku Kano hutun Sallah, ku daure ku kai yara unguwar Nassarawa su ga Gidan Ɗan Hausa. Tsohon ginin ƙasa ne mai azara da zane a bango, wanda yanzu ake ajiye kayan tarihi da na sana'o'in hannu a ciki. To, wai shin waye Ɗan Hausan?

Sunansa na yanka Hanns Vischer. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Siwizalan a 1876. Da aikin mishan ya fara shigowa ƙasar Hausa, daga baya ya koma ma'aikacin gwamnatin Turawan Ingila, aka tura shi Borno. A 1906 ya ratso Sahara tun daga Tarabulus har Tafkin Chadi, tare da ayarin alhazai da 'yantattun bayi masu komawa gida. Iya Hausa da sanin al'adun mutane su suka jawo masa wannan laƙabi.

A 1909 ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa, nan Nassarawa. Ya ɗebi malamai da 'ya'yan sarakuna, ya haɗa da masu koyon sana'a. Da Hausa ake karatu, kuma ba a wa'azin Kiristanci, don ya san in aka taɓa addini iyaye ba za su ba da 'ya'yansu ba. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Ai rubutun nan da kuke karantawa a waya, reshen wannan aiki ne.

Sai dai gyara bai rasa ɓarna ba. Ɗaukaka boko ta sa ajami, wanda malamanmu suka daɗe suna rubutu da shi, ya ja baya a ofisoshi. Sannan makarantun ba su da yawa, ɗan talaka bai samu shiga sosai ba, alhali a Kudu na mishan sai yaɗuwa suke.

Ya bar Najeriya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rasu a 1945.

Yau yaranmu da yawa a Kudu suna jin Hausa amma ba sa iya rubuta ta. Baƙo ya taso daga Basel ya koya har ya tsara mata ƙa'ida. Mu 'yan gida fa, mene ne uzurinmu?