Tarihin Hajiya Gambo Sawaba, gwarzuwar ƴancin matan Arewa

Idan ana lissafa matan da suka yi fice a siyasar Arewacin Nijeriya, da wuya a ambaci wata kafin a ambaci Hajiya Gambo Sawaba. Marigayiyar, wadda ta rasu a shekarar 2001, ta shafe kusan shekaru hamsin tana gwagwarmaya, kuma masu tarihi sun ce sau 16 ana ɗaure ta a kurkuku saboda ra'ayinta na siyasa.

Babban abin da ta sa a gaba shi ne matan Arewa su sami ƴancin jefa ƙuri'a, buƙatar da ta kai ta har ofishin Firimiyan Jihar Arewa a Kaduna a shekarar 1956, amma ba ta biya ba sai bayan shekaru ashirin.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haifi Hajiya Gambo ne a ranar 15 ga watan Fabrairun 1933. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne da ya zo Nijeriya ya kama aiki a hukumar jiragen ƙasa, ya kuma musulunta bayan da ya zauna a Zariya. Mahaifiyarta kuwa, Fatima, Banufiya ce daga ƙasar Bida.

Sunanta na yanka Hajaratu. An riƙa kiranta Gambo ne saboda ita ce ta biyo bayan tagwaye, kamar yadda al'adar Hausawa ta tanada.

Ta fara karatun boko a makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wadan Zariya, amma karatun bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943 tana da shekaru goma, bayan shekaru uku kuma mahaifiyarta ta bi shi. Tana da shekaru 13 aka aurar da ita ga wani tsohon soja da ya halarci yaƙin duniya na biyu, auren da bai ɗore ba. A wannan aure ne ta haifi ƴarta Bilkisu.

Maraici da yankewar karatu da auren wuri, duk ta ɗanɗana su kafin ta kai shekaru ashirin. Su ne kuma batutuwan da ta riƙa komawa kansu a duk lokacin da ta hau dandamali.

Shigarta jam'iyyar NEPU

A ranar 8 ga watan Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Hausawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Manufarta ita ce ƴanto talakawa daga danniyar Turawan mulkin mallaka da ta hukumomin En'e. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953.

A wancan zamani shiga NEPU ba ƙaramin haɗari ba ne. Ƴan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari duk suna ƙarƙashin En'e, ita kuma En'e tana hannun sarakuna, waɗanda galibinsu ke tare da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC. Don haka mutum kan iya rasa aikinsa ko rumfarsa ta kasuwa, ko ya tsinci kansa a gidan kaso, saboda kawai an gan shi a wurin laccar ƴan adawa.

A cikin wannan yanayi ne Gambo ta yanki katin jam'iyyar tana da kimanin shekaru 17. Ba a jima ba matan NEPU na Sabon Garin Zariya suka zaɓe ta shugabarsu. Kalmar Sawaba, wadda ita ce taken jam'iyyar, ta liƙe wa sunanta har ta danne sunan mahaifinta.

Ta kuma yi tattaki zuwa Abekuta domin ganawa da Funmilayo Ransome-Kuti, matar da ta jagoranci boren matan Egba kan haraji, wanda ya tilasta wa Alake Ademola sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a 1949. Wannan ziyara ta nuna mata irin ƙarfin da mata ke da shi idan suka haɗa kai a ƙungiyance.

Ɗauri da duka

Aikin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne bin gida-gida. Maza ƴan siyasa ba su da damar wuce zaure, ita kuwa tana iya shiga har cikin ɗaki ta zauna da matan kulle, ta yi musu bayani kan haraji da aikin tilas da karatun ƴaƴa mata.

Wannan ne ya jawo mata ɗaurin farko a Kano a 1952. An gurfanar da ita gaban alƙali bisa zargin fito da matan aure daga gidajen mazajensu, aka yanke mata hukuncin ɗaurin wata uku. Daga bisani hukumomin Kano suka kore ta daga birnin, suka mayar da ita Zariya.

Daga nan kama ta ya zama ruwan dare. Baya ga ɗauri, ta sha duka a hannun ƴan doka da ƴan bangar siyasa. An ruwaito cewa an taɓa aske mata gashi da fasasshiyar kwalba, an zubar mata da haƙoran gaba, an kuma taɓa lakaɗa mata duka aka yar da ita a daji da zaton ta mutu. Raunukan da ta samu a waɗannan shekaru sun bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Duk da haka, da zarar an sako ta sai ta koma fagen lacca. Wannan taurin rai ne ya sa sunanta ya bazu a Arewa baki ɗaya, har a tsakanin waɗanda ba su yarda da aƙidarta ba.

Tattaki zuwa Kaduna

A shekarun 1950 Kaduna ce hedkwatar Jihar Arewa. A zauren Lugard Hall majalisar dokokin jihar ke zama, a birnin kuma Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, yake da ofishi tun bayan hawansa muƙamin a 1954. Duk wata doka da ta shafi zaɓe a Arewa sai da amincewar masu mulki a Kaduna.

A 1956 Hajiya Gambo ta jagoranci mata magoya bayanta zuwa ofishin Firimiyan, inda suka gabatar da buƙatar a bai wa matan Arewa damar jefa ƙuri'a a zaɓukan da ke tafe. Gwamnati ba ta biya musu wannan buƙata ba.

Matsayin shugabannin NPC dai shi ne lokaci bai yi ba. Suna ganin fitar mata zuwa rumfunan zaɓe ya saɓa wa al'adar jama'a, kuma zai tayar da hankalin sarakuna da malamai da magidanta. A ganinsu kamata ya yi a fara ilimantar da mata tukuna.

Ƴan NEPU kuwa sun mayar da martani ne daga cikin addinin kansa. Malam Aminu Kano ya riƙa kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kan wajabcin ilimantar da mata, da kuma misalin ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta kafa tsarin Ƴan Taru domin kai karatu ga matan karkara. A shekarar ta 1956 ne ma Malam Isa Wali ya wallafa jerin maƙaloli a jaridar Nigerian Citizen kan matsayin mata a Musulunci, abin da ya haddasa zazzafar muhawara a tsakanin ƴan boko da malamai.

Batun kuma yana da nasaba da lissafin siyasa. A zaɓen tarayya na 1959, wanda ya share fagen samun ƴancin kai, Arewa na da kujeru 174 daga cikin 312 na majalisar wakilai, kuma an yi rabon ne bisa yawan jama'a, maza da mata. Ke nan an ƙidaya matan Arewa wajen rabon kujeru, amma ba a ba su ikon zaɓen waɗanda za su hau kujerun ba. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a wannan zaɓe, na Arewa kuwa suna gida.

Haka aka ci gaba da tafiya har juyin mulkin ranar 15 ga watan Janairun 1966, wanda a cikinsa aka kashe Sardauna a gidansa da ke Kaduna, sojoji kuma suka soke jam'iyyun siyasa.

Wata hanyar daban

Ba Hajiya Gambo kaɗai ce ta yi wa matan Arewa aiki a wancan zamani ba. A 1963 aka kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna, wadda ta ƙunshi matan manyan ma'aikata da na ƴan siyasa. Ita wannan ƙungiya ta zaɓi bin hanyar lalama, ta mayar da hankali kan makarantu da kula da marayu da koya wa mata sana'o'i. Daga cikinta ne aka sami irin su Hajiya Laila Dogonyaro, wadda daga baya ta shugabanci majalisar ƙungiyoyin mata ta ƙasa.

Hanyoyin biyu sun bambanta ƙwarai, amma kowace ta taimaka wajen sabar wa jama'a ganin mace a harkokin al'umma.

Jamhuriya ta biyu da bayanta

Sai a 1976, ƙarƙashin gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo, matan Arewa suka sami damar jefa ƙuri'a, a zaɓen ƙananan hukumomi da ya biyo bayan garambawul ɗin da aka yi wa tsarin En'e. A 1979 kuma suka shiga zaɓen shugaban ƙasa da na gwamnoni da ƴan majalisu a karon farko.

A wannan jamhuriya Hajiya Gambo ba ta bi Malam Aminu Kano zuwa jam'iyyar PRP ba. Ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, inda ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar na ƙasa.

A 1998 ta bayyana cewa ta yi ritaya daga siyasa, tana mai kokawa da yadda kuɗi da son zuciya suka maye gurbin aƙida.

Ban da siyasa, an san ta da taimakon marasa galihu. Gidanta da ke Sabon Garin Zariya ya kasance matattarar marayu da mabuƙata, kuma ta riƙe yara da dama waɗanda ba ita ta haife su ba, ba tare da la'akari da ƙabila ko addininsu ba.

Allah ya yi mata rasuwa a watan Oktoban 2001 a Zariya, tana da shekaru 68.

Abin da ta bari

An sanya wa babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan a Zariya sunanta, haka kuma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano. Tun tana raye, a 1990, marubuci Rima Shawulu ya wallafa littafin tarihin rayuwarta.

A fagen siyasa kuwa, matan Arewa sun zama ginshiƙi a ranar zaɓe, inda akan ga dogayen layukansu a rumfuna tun da sassafe. A jihar Kaduna, inda aka ƙi biya wa Hajiya Gambo buƙatarta a 1956, an zaɓi Dokta Hadiza Sabuwa Balarabe mataimakiyar gwamna a 2019, aka kuma sake zaɓenta a 2023.

Sai dai har yanzu da sauran rina a kaba. A majalisar dattawan da aka rantsar a 2023, mata ba su kai biyar ba daga cikin sanatoci 109. Kafin nan, a watan Maris na 2022, majalisar dokokin tarayya ta yi watsi da ƙudurorin gyaran tsarin mulki da suka nemi ware wa mata kujeru na musamman.

Masu fafutukar kare haƙƙin mata dai na ganin cewa ƴancin jefa ƙuri'a, wanda Hajiya Gambo ta sha ɗauri dominsa, rabin aikin ne kawai. Sauran rabin, a cewarsu, shi ne matan da ke cika layukan zaɓe su sami wakilci daidai da yawansu a majalisun da ake yanke shawara kan ilimi da lafiya da rayuwar ƴaƴansu.