Hermann Seger

Hermann August Seger (26 ga Disamba, 1839 – 30 ga Oktoba, 1893) masanin kimiyyar sinadarai ne ɗan ƙasar Jamus. Ya shahara wajen binciken shafen gilashi, wato ruwan da ake shafa wa tangaran kafin a gasa shi, wanda kan narke ya zama sheƙi a jikinsa.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Posen, wanda a yau yake cikin ƙasar Poland da sunan Poznań. Ya karanci kimiyyar sinadarai a Berlin, sannan ya samu digirin digirgir a Jami'ar Rostock.

Aiki

A shekarar 1878 aka naɗa shi shugaban sashen bincike na masana'antar tangaran ta masarautar Prussia da ke Berlin. A lokacin, haɗin shafe sirri ne da magina ke gada, kuma kuskure kaɗan kan lalata kayan tanderu guda.

Abin da ya fi ba Turawa wuya shi ne jan shafen tsoffin kwalaben Sin na zamanin Sarki Kangxi, wanda ake kira jinin sa. Jan launin yana fitowa ne daga ƙwayoyin jan ƙarfe da ke warwatse cikin gilashin, ƙanana ƙwarai da ido ba ya iya gani. Ba sa samuwa sai an rage wa wuta iska yayin gashi. Idan iska ta yi yawa, shafen kan koma kore. A shekarun 1880 Seger ya yi nasarar fitar da wannan ja, a kan wani sabon tangaran da bai buƙatar zafi mai tsanani, wanda ake kira da sunansa.

Ya kuma nazarci tsattsagewar shafe, wadda ke faruwa idan gilashin ya fi jikin tangaran tsukewa yayin hucewa. Ya ƙirƙiro hanyar lissafa sinadaran shafe bisa rukuni, domin a gyara haɗi da alƙalami maimakon kirdado. A 1886 ya samar da wasu 'yan dala na yumɓu da ake sakawa a tanderu. Kowace tana lanƙwashewa idan gashi ya kai wani mataki.

Mutuwa

Rashin lafiya ya sa ya bar aiki a 1890. Ya rasu a Berlin yana da shekara 53. Har yau masu yin tangaran suna amfani da lissafinsa da kuma dalolinsa.