Jacques Cousteau: Bafaranshen da ya nuna wa duniya jirgin da ya nutse da motoci a Bahar Maliya

An haifi Jacques-Yves Cousteau ranar 11 ga Yuni, 1910 a ƙasar Faransa. Ya shiga rundunar sojan ruwa da burin zama matuƙin jirgin sama, amma haɗarin mota ya karya masa hannuwa biyu. Iyon da ya riƙa yi don hannuwan su warke shi ya jefa masa son teku.

A 1943 shi da injiniya Emile Gagnan suka ƙera Aqua-Lung, na'urar da ke shayar da mai nutso iska daga tukunyar da ya goya. Daga nan mutum ya samu damar yawo a ƙasan teku babu igiya.

Cikin shekarun 1950, masunta suka taimaka masa ya gano Thistlegorm, jirgin dakon kayan Birtaniya da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar kusa da gaɓar Masar a Oktoban 1941. Yana kwance a zurfin kusan mita 30, cikinsa maƙare da kaya kamar sito a Kasuwar Singa ta Kano: manyan motoci, babura, takalman sojoji, ga kawunan jirgin ƙasa guda biyu a gefe. Murjani ya manne a jikin ƙarfen, ƙananan kifaye sun samu mafaka, manya kuma suna zuwa farauta.

Irin wannan sauyi ne ya sa a yau ake nutsar da tsofaffin jirage da gangan, bayan an kwashe mai da guba. Amurka ta nutsar da jirgin yaƙinta Oriskany a 2006, Jodan kuma ta jera tankokin yaƙi a ƙasan tekun Akaba a 2019.

Sai dai Cousteau bai tsira daga suka ba. Ya kwashe babur da ƙararrawa daga Thistlegorm, kuma a fim ɗinsa The Silent World, wanda ya ci babbar kyautar Cannes a 1956, an ga mutanensa suna kashe kifi da nakiya. Daga baya ya juya, ya kafa Cousteau Society a 1973 don kare teku.

Ya rasu a Paris ranar 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87. Thistlegorm kuwa na nan, amma igiyoyin kwale-kwalen masu yawon buɗe ido da hannun masu tsinta suna cin sa a hankali.