George Lawrence da Hoton Birnin da Ya Rushe

An haifi George Lawrence a shekarar 1868 a jihar Ilinoi ta ƙasar Amurka, amma a birnin Shikago ya kafa sana'arsa ta ɗaukar hoto. Abin da ya dame shi tun farko shi ne ƙuncin hoto. Idon mutum yana share fili ne daga dama zuwa hagu, kyamara kuwa ɗan yanki kawai take kamawa. Saboda haka ya duƙufa wajen yin hoto na kwance, wato wanda faɗinsa ya ninka tsawonsa.

A shekarar 1900 kamfanin jirgin ƙasa na Chicago and Alton ya nemi hoton sabon jirginsa tun daga kai har wutsiya. Lawrence ya ƙera wata ƙatuwar kyamara wadda gilashinta ya kai ƙafa 8 a faɗi, sai da ƙarti da yawa suka taru kafin a ɗaga ta. Bayan shekara guda ya hau balan-balan don ɗaukar mayankar Shikago daga sama, kejin da yake ciki ya tsinke, ya rikito daga nisan ƙafa wajen 200. Wayoyin tarho ne suka tare shi, da sauran kwana.

Daga baya ya daina hawa da kansa. Ya koma ga abin wasan nan na yara da ake yi da kara da ƙyalle a saki a iska, ya yi manya-manya, ya jera su a igiya guda, ya rataya musu kyamara. Idon kyamarar yana juyawa ne a kan fim da aka lanƙwasa, shi kuwa yana ƙasa yana kunna ta da lantarki ta cikin waya.

Da wannan dabara ya ɗauki San Faransisko ran 28 ga Mayu, 1906, makonni shida bayan girgizar ƙasa da gobara sun cinye birnin. Daga can sama aka ga kango ya miƙe tun daga bakin teku har ƙarshen gani. Ya sayar da kowane kwafi dala 125, kuɗi mai tsoka a wancan zamani.

Tafiyar da ya yi zuwa Afirka ta Gabas a 1909 ba ta yi armashi ba. Ya bar hoto ya koma ƙera jiragen sama, ya rasu a 1938.