Sarki Abdullahi Bayero Da Makarantar Da Ta Haifi Jami'a

An haifi marigayi Alhaji Abdullahi Bayero a birnin Kano cikin shekarar 1881, ɗa ne ga Sarkin Kano Muhammadu Abbas. Ya riƙe sarautar Ciroman Kano, ya yi hakimci a Bichi, sa'an nan aka naɗa shi Sarki a 1926 bayan rasuwar baffansa Sarki Usman.

Ya hau gadon mulki ne a lokacin da Turawa suka riga suka kafu, kuma Baitulmalin En'e ta Kano na da ƙarfi saboda harajin gyaɗa da fatauci. Da wannan dukiya aka jawo ruwan famfo daga kogin Challawa zuwa cikin birni, aka kuma samar da wutar lantarki. Ba don waɗannan abubuwa biyu ba, da wuya masana'antun da suka tashi daga baya a Bompai da Sharada da Challawa su sami gindin zama.

Amma aikin da sunansa ya fi ɗorewa a kai shi ne na ilmi. A wancan zamani alƙalai a zaure suke karatu gaban malamansu, ba jarrabawa, ba takardar shaida. Mutane da yawa kuwa na gudun makarantar boko, suna ganin hanya ce ta raba yaro da addininsa. Sarki bai bi ɗayan ɓangarorin ido rufe ba. A 1934, shekarar da ya ziyarci Ingila, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano kusa da fada, aka ɗauko malamai daga ƙasar Sudan domin su koyar da fikihu da Larabci bisa tsarin aji da allo da jarrabawa. Cikin waɗanda suka sha ilmi a nan har da Shehu Abubakar Mahmud Gumi. A 1947 aka faɗaɗa ta, aka sake mata suna Makarantar Nazarin Larabci.

Shi ne Sarkin Kano na farko da ya sauke farali yana bisa mulki, a 1937, shi ya sa Kanawa ke ce masa Sarki Alhaji. A can Makka ya sadu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha. A zamaninsa ne kuma aka sake gina babban masallacin Juma'a na birni. Ya rasu a watan Disamba na 1953, ɗansa Muhammadu Sanusi ya gaje shi.

Shekara bakwai bayan rasuwarsa, watau 1960, ɗakunan makarantar nan tasa suka karɓi wata sabuwar kwaleji da aka sa wa sunan Ahmadu Bello, ƙarƙashin Dakta Aliyu Abubakar. Da aka kafa jami'ar Zariya a 1962 ta ɗauki sunan Sardauna, sai aka mai da kwalejin ta Kano Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen jami'ar. Wuri ya yi mata kaɗan, aka kwashe ta zuwa tsohon otel na filin jirgin sama a 1964, ɗakunan saukar matafiya suka zama ajujuwa. Can ma ba ta daɗe ba, domin yaƙin basasa ya sa soja suka bukaci wurin don jinyar waɗanda suka ji rauni. A 1968 ta koma bayan ganuwa ta yamma, wajen Ƙofar Dukawuya, inda ake kira tsohuwar jami'a a yau. Gwamnatin Tarayya ta ba ta cikakken matsayin jami'a a 1977, Dakta Mahmud Tukur ya zama shugabanta na farko, a zamanin mulkin wani ɗan Sarki Alhaji, marigayi Ado Bayero. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.